Duwatsun Abuja da Gidajen da Aka Gina a Gindinsu

Matafiyin da ya biyo hanyar Kaduna ya nufi Abuja, da zarar ya kusanto Madalla sai Dutsen Zuma ya tare masa gaba, dunƙule guda, baƙi wuluk da damina saboda ruwan da ke kwarara a jikinsa, wanda aka sa hotonsa a jikin takardar naira 100 a 1999. In kuwa ya wuce Zuba ya shiga cikin birni, ba zai daina ganin 'yan'uwansa ba, daga Katampe zuwa Mpape har Dutsen Aso, wanda fadar shugaban ƙasa da majalisar dokoki da kotun ƙoli suke zaune a gindinsa. Waɗannan duwatsu su ne asalin ƙasar, kuma su ne dalilin da ya sa mutane suka zauna a cikinta tun zamanin da, amma abin da ake bukata a wurinsu ya sāke ƙwarai da gaske a cikin shekaru hamsin ɗin nan.

A da can dutse mafaka ne ga mai rauni. Gbagyi, waɗanda Hausawa suka saba kira Gwari, da Koro da Gade da Gwandara da Ganagana da Bassa, sun yi ƙarnuka suna noman doya da dawa a kwaruruwa, suna kafa ƙauyukansu a kan tuddai ko a lungun duwatsu, domin mahayin doki mai neman bayi ba ya iya binsu can. Haɓen Zazzau ma da wannan hikima suka tsira, domin sa'ad da jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo suka ci Zariya a farkon ƙarni na 19, Sarki Muhammadu Makau ya fito da mutanensa ya yi kudu har ƙasar Zuba, ya yi ta yaƙe-yaƙe har aka kashe shi a wajen Lapai a 1825, sa'an nan ɗan'uwansa Abu Ja ya gaje shi ya kafa gari a 1828 a tsakanin duwatsu da rafuka, ya kewaye shi da ganuwa, aka kira garin da sunansa. Wannan Abuja ta farko ba ta taɓa faɗawa hannun sarakunan Fulani na Zazzau ba har Turawa suka zo a 1902, kuma Malam Hassan Dallatun Abuja da Malam Shu'aibu Na'ibi sun rubuta tarihinta, aka buga fassararsa da Turanci a 1952. Ita ce kuma garin da Ladi Kwali ta shahara a cikinsa da ginin tukwane. Da aka zo kafa sabon birni sai aka karɓi sunan, tsohon garin ya koma Suleja, don tunawa da Sarki Sulaimanu Barau wanda ya yi sarauta daga 1944 zuwa 1979.

Labarin sabuwar Abuja sananne ne, ba sai an tsawaita ba. A watan Agusta na 1975 Janar Murtala Muhammad ya naɗa kwamiti a ƙarƙashin Mai Shari'a Akinola Aguda, saboda Legas ta cushe ta rasa wurin faɗaɗa, kuma raunin yaƙin basasa bai gama warkewa ba. A ranar 3 ga Fabrairu 1976 ya sanar da cewa za a yanki ƙasa mai faɗin murabba'in kilomita kimanin 8,000 a tsakiyar Nijeriya, kwana goma kacal kafin a kashe shi, Allah ya jiƙansa. An zaɓi wurin ne bisa zaton cewa kusan babu kowa a cikinsa, aka kuma yi niyyar kwashe 'yan tsirarun da ke ciki a kai su wajen iyaka a biya su diyya, amma da Farfesa Akin Mabogunje da abokan aikinsa suka shiga ƙauyuka suka ƙidaya, sai ta bayyana cewa jama'ar ta fi yadda aka zata nesa ba kusa ba, kuɗin kwashe su kuma ya fi ƙarfin baitulmali, don haka a 1978 gwamnatin Obasanjo ta sāke shawara, ta ce ba za a tashi kowa ba sai wanda aikin gini ya iso gonarsa. Daga wannan shawara ne mafi yawan rigingimun ƙasa na Abuja suka samo asali, gama an bar mutum a gidan kakanninsa alhali doka ta riga ta ce ƙasar da ke ƙarƙashin ƙafarsa ta gwamnatin tarayya ce, kamar yadda sashe na 297 na tsarin mulkin 1999 ya tabbatar daga baya.

Wajibi ne a yi wa masu zāna taswirar birnin adalci, domin sun ga darajar duwatsun, sun kuma yi nufin kare su. Wani gungun kamfanonin Amurka ne ya miƙa babbar taswirar a 1979, Kenzo Tange na ƙasar Japan ya tsara tsakiyar birnin, aka shimfiɗa unguwanni a siffar jinjirin wata suna bin kwanciyar ƙasa, aka kuma keɓe kimanin sulusin filin birnin domin itatuwa da bakin rafuka da gangaren duwatsu da wuraren shan iska, ba a yarda a ɗora tubali a kansu ba. Wannan ba baƙon abu ba ne ga wanda ya karanta fiƙihu, domin hurumi ke nan, wato abin da shugaba yake tsarewa saboda maslahar jama'a, kamar makiyaya da mashaya da kewayen rijiya, wanda ba ya halatta wani ya mallake shi shi kaɗai. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi talifi na musamman a kan hukuncin ƙasa da hanyoyin da ake mallakarta, Ibn Khaldun kuma a Muƙaddimarsa ya lissafa kyawun iska da kusancin ruwa da makiyaya da itace a cikin sharuɗɗan da mai kafa birni zai kula da su. Har sharaɗin da ke cikin takardar ba da fili a Abuja, cewa wanda aka ba fuloti ya gina shi cikin shekara biyu ko a karɓe, yana da kama da abin da malamai suka faɗa game da wanda ya killace mataccen fili ya ƙi raya shi. Dokar dai ba ta da aibi, matsalar tana wajen riƙonta.

Gidajen alfarma na Abuja sun faro ne a unguwanni biyu da taswirar ta ware wa manya, Maitama da Asokoro, inda aka yanka fulotai masu faɗi a kan tuddai masu iska, aka sa wa titunan Maitama sunayen manyan kogunan duniya, na Asokoro kuma sunayen shugabanni irin su Kwame Nkrumah da Nelson Mandela. Maitama ƙauyen Gbagyi ne kafin nan, mutanensa kuma an kwashe su zuwa Kubwa. A zamanin Shagari, wanda ya yi bikin ranar 'yancin kai na 1982 a Abuja tun birnin yana ƙura da jar ƙasa, ba kowa ne ya ɗauki fulotin da aka ba shi da muhimmanci ba, gama mutane da yawa ba su gaskata za a bar Legas ba. Otal ɗin Hilton ya buɗe a Maitama a 1987, taron shugabannin Afirka ya zauna a birnin a Yunin 1991, sa'an nan a ranar 12 ga Disamba 1991 Janar Ibrahim Babangida ya tare, ma'aikatu da ofisoshin jakadanci suka biyo shi cikin gaggawa, tun ba a gina wa ma'aikata gidajen da za su ishe su ba. Tun daga ranar takardar fili ta zama dukiya. Hukuma tana ba da fuloti a kan kuɗi kaɗan ga wanda ke da hanya, shi kuma ya juya ya sayar da takardar a kan ninki ba adadi ba tare da ya taɓa taka filin ba, dillalai suka yawaita, takardun jabu suka yawaita, har akan sami fili ɗaya da mutum uku kowa riƙe da shaidarsa, kuma hurumin da aka keɓe ya fara shiga kasuwa a hankali, yau a yanki bakin rafi, gobe a yanki gefen lambu.

Zamanin Malam Nasiru el-Rufa'i, wanda ya riƙe ministan birnin daga 2003 zuwa 2007, shi ne ya fi kowane sāke fuskar wannan kasuwa, kuma har yau mutane ba su daidaita a kan hukuncinsa ba. Ya kafa ofishin da ke ajiye bayanan filaye a kwamfuta, ya sa kowa ya sabunta takardar mallakarsa, ya rushe gine-ginen da aka ɗora a kan magudanan ruwa da lambuna, ciki har da na manyan mutane, ya ƙwato wuraren shaƙatawa da dama da suka salwanta. A cikin wannan zamani ne Sarauniya Elizabeth ta buɗe lambun Millennium a Maitama ranar 4 ga Disamba 2003, mai faɗin hekta 32, wanda har yanzu shi ne inda talaka da iyalinsa suke shimfiɗa tabarma ranar sallah. Amma rusau ɗin bai tsaya kan manya ba, ya bi ta kan unguwannin talakawa irin su Idu da Karmo, jama'a masu ɗimbin yawa suka rasa matsuguni suka watsu zuwa bayan gari. Kuma a lokacin ne aka sayar da gidajen gwamnati bisa sabon tsarin biyan ma'aikaci kuɗi maimakon ba shi gida, har da rukunin 'yan majalisa na Apo, wanda ya sa wanda ya zo aiki Abuja bayan nan ba shi da makoma sai hannun masu gidan haya, waɗanda suka saba neman kuɗin shekara biyu a dunƙule.

Abin da ya fi damuna a cikin wannan tarihi shi ne yawan gidajen da babu kowa a cikinsu. Mutum ya zaga Maitama ko Asokoro ko Guzape ko Katampe da magariba, zai ga benaye masu ɗakuna goma ko fiye, fitila ɗaya ce ke ci a cikinsu, ta ɗakin maigadi, alhali a daidai wannan sa'a dubban ma'aikata da direbobi da masu shara suna maƙale a cunkoson hanyar Nyanya da Mararaba da Masaka, ko ta Kubwa da Suleja, da yawansu za su kwana a wata jiha su dawo da asuba. Illar a bayyane take: yawancin waɗannan gidaje an gina su ne don ajiyar dukiya, kamar yadda mutanen da suke bisne tukunyar kuɗi a tsakar ɗaki, saboda naira tana zubewa, musamman tun da aka sake ta a kasuwa a Yunin 2023, gini kuwa yana riƙe darajarsa, kuma mai shi bai damu da samun ɗan haya ba. Wani kason kuma dukiya ce da ba a so a tambayi asalinta. A Disambar 2024 kotu ta mallaka wa gwamnati rukunin gidaje 753 a Lokogoma, wanda hukumar EFCC ta ce shi ne kamu mafi girma da ta taɓa yi a wuri guda. Kuɗin da ba su tsaya a Abuja ba kuwa sukan tsallaka zuwa Dubai, birnin da aka raya a cikin hamada ya zama abin koyin attajiranmu. Wani bincike da cibiyar Carnegie ta fitar a 2020 ya gano gidaje 800 a can masu alaƙa da 'yan siyasar Nijeriya da makusantansu, waɗanda ƙimarsu ta kai dala miliyan 400. Har an yi yunƙurin kawo Dubai ɗin gida, da aka ƙaddamar da aikin Centenary City a hanyar filin jirgin sama a 2014, sai dai ya shafe shekaru bai kankama ba, kuma ina ganin garin da Allah ya ba duwatsu da koramu da damina mai wata shida ba shi da hujjar kwaikwayon garin da yake tace ruwan teku kafin ya sha.

Yanzu kyawun wuri shi ne farashinsa. Tafkin Jabi, wanda aka datse a farkon shekarun 1980 don shayar da birnin kafin madatsar Usuma ta karɓi aikin, bakinsa ya cika da gine-gine, har da babban kanti da aka buɗe a 2015, kuma dillali yakan ƙara kuɗi a kan kowace taga da ke kallon ruwan. Matasa sun ɗauki al'adar hawan duwatsu ranar Asabar, ƙungiya-ƙungiya, wanda abu ne mai kyau ga jiki da hankali, amma kowace shekara katangu suna ƙara hawa gangaren da suke bi. A watan Maris na 2025 minista Nyesom Wike ya soke takardun filaye 4,794 saboda masu su sun yi shekaru ba su biya harajin ƙasa ba, yawancinsu a unguwannin da suka fi ko'ina tsada, wanda ya nuna cewa waɗanda suka fi cin moriyar ƙasar jama'a ba su ne suka fi sauke haƙƙinta ba.

Mpape ta tara duk wannan a wuri ɗaya. Tana bisa tudu daura da Maitama, daga duwatsunta aka fasa tsakuwar da aka gina birnin da ita, leburorin da suka yi aikin kuma suka zauna a nan tare da Gbagyin da suka tarar, har ta zama ɗaya daga cikin unguwannin talakawa mafi cika a Abuja. Wani tsohon ramin fasa dutse da ruwa ya cika shi ya zama wurin yawon buɗe ido da matasa ke tururuwa zuwa ɗaukar hoto. A Satumbar 2018 ƙasa ta yi motsi a Mpape har aka ji a Maitama, hukuma ta dakatar da fasa dutse da nakiya na wani lokaci. Tun a 2012 aka ba mazaunanta sanarwar rusau, suka kai ƙara, a Fabrairun 2017 babbar kotun Abuja ta hana a tashe su. Sai dai hukuncin kotu bai ba su takardar mallaka ba, kuma rukunonin gidajen alfarma suna ta matsowa ta ɓangaren Maitama da Katampe, domin tudun da suke kai yana hango birnin gaba ɗaya, dillalai kuwa sun riga sun yi masa kuɗi.