DAGA DUBA-GARI ZUWA NAFDAC: WA KE DA IKO DA KWALBAR ZUMARKI?

'Yan uwa mata masu sayar da zuma, yaji da dambun nama a WhatsApp, ina yawan ganin ana cewa wai dokar abinci sabon salon matsa wa talaka ne. Ni dai ban yarda ba, domin abin ya daɗe.

Tun kafin zuwan Turawa kasuwanninmu na da masu tsawatarwa. Sarkin Pawa ke da alhakin nama, Sarkin Kasuwa na sa ido kan mudu, a Daular Sakkwato kuma akwai muhtasibi mai hana algus. Da Turawa suka zo suka kafa dokar lafiyar jama'a ta 1917, sai zamanin duba-gari ya shigo, masu leƙa randa da kwata. Ku tambayi kakanninku yadda ake share gida in an ji sun shigo unguwa.

A 1974 gwamnatin Gowon ta yi dokar abinci da magunguna. A 1990 yara sama da 100 suka mutu a Jos da Ibadan bayan shan gurɓataccen maganin farasitamol. Shekara uku bayan haka aka kafa NAFDAC da doka mai lamba 15 ta 1993, doka mai lamba 19 kuma ta hana sarrafa abinci da sayar da shi ba rajista. Zuwan Dora Akunyili a 2001 ne ya sa har mutumin ƙauye ya fara juya leda yana neman lamba.

To ga inda ake rikicewa. Mai tuwo da mai ƙosai, tsarin mulki ya bar su hannun ƙaramar hukuma. Amma ranar da kika zuba zuma a kwalba, kika rufe, kika manna sunanki, kin shiga hurumin NAFDAC, ko a kicin ɗinki kika yi. Ma'aunin Codex na 1981 ya ce ruwan da ke cikin zuma kada ya wuce kashi 20 cikin ɗari, kuma ba a ƙara mata komai. Narkakken suga algus ne, ko wa ya zuba.

Ƙorafina ga hukuma ɗaya ne. Sarkin Kasuwa yana kusa, kuma da Hausa yake magana. Rajistar yau kuwa intanet ce da Turanci da kuɗi. A 2020 an rage wa ƙananan masana'antu kuɗin rajista da kashi 80 na ɗan lokaci, kun ga ashe ana iyawa. A dawo da shi, a yi bayani da harshenmu. Ke kuma Hajiya, ki nemi lambarki tun jarin bai girma ba, kada a kwashe kayan rana ɗaya.

Allah Ya sa albarka a nema.