Tarihin Jita-jitar Rigakafin Shan Inna a Ƙasar Mafara, Bakura da Maradun

Kafin zuwan rediyo da wayar hannu, labari a ƙasashen Talata Mafara, Bakura da Maradun yana da hanyoyinsa sanannu. Umarnin sarki kan fito daga fada, ya bi ta hannun hakimai da dagatai da masu unguwanni, sannan mai shela ya sanar da jama'a. Sauran labarai kuwa kasuwa ce ke raba su, musamman kasuwar ranar Talata wadda garin Mafara ya samo sunansa daga gare ta. Maganar da ba a san mai ita ba akan kira ta ƙanzon kurege, malamai kuma kan tunatar da aya ta 6 ta Suratul Hujurati, wadda ta yi umarni da bincike kafin a yi aiki da labari.

Wannan tsari ya gamu da babbar jarabawa a shekarar 2003. Magana ta bazu cewa an cusa wa ɗigon rigakafin shan inna sinadarin hana haihuwa da ƙwayar cutar ƙanjamau, domin a rage yawan Musulmi. Zargin ya samu gindin zama ne saboda mutane ba su manta da 1996 ba, lokacin da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara kusan 200 masu sanƙarau a Kano, 11 daga cikinsu suka rasu. Jihohin Kano da Kaduna da Zamfara, wadda Ahmad Sani Yariman Bakura ke mulki a lokacin, suka dakatar da rigakafin.

Ba a taɓa tabbatar da cewa ɗigon yana hana haihuwa ba, amma illar dakatarwar ta bayyana. Kano ce ta ƙarshe wajen komawa, a watan Yulin 2004, bayan an kawo magani daga Indunusiya. Cikin ƴan shekaru cutar ta sake ɓulla a ƙasashe kusan 20, yara da dama suka nakasa.

Gyaran ya biyo ta tsohuwar hanya. Daga 2009, a ƙarƙashin jagorancin Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar, sarakunan Arewa suka shiga aikin, masu unguwanni suna raka ma'aikata gida-gida. Ranar 25 ga Agustan 2020 aka ayyana Afirka a matsayin wadda ta rabu da ainihin ƙwayar shan inna.

A yau jita-jita ta koma Facebook da WhatsApp, inda take gudu fiye da ta kasuwa. A 2014 saƙon ƙarya cewa wanka da ruwan gishiri da shan sa na kare mutum daga Ebola ya ratsa Najeriya cikin dare ɗaya, har aka yi asarar rayuka. Ma'aunin magabata bai tsufa ba: a san wanda ya faɗi magana, a san inda ya samo ta, a tambayi masana kafin a yaɗa. Labarin da ya kasa cika wannan ma'auni bai cancanci a tura shi gaba ba.