AJUDAN: SOJAN DA KE TSAKANIN HAFSA DA KURTU



Waɗanda suka kalli faretin Maradi Kolliya ranar 18 ga Disamba 2015 za su tuna yadda idanunmu suka tafi wajen manyan hafsoshi masu taurari. Amma akwai wani dattijon soja da ke zagaye bayan sahu, yana gyara wa wannan hula, yana harare wancan har ya miƙe. Shi ne ajudan. A gidajenmu kuwa, in an ce wane ya shekara ashirin cikin kaki yana ajudan, sai ka ji inna ta ce: "Wayyo, har yanzu bai zama ofisa ba?" Wannan tambaya ce ta sa muka waiwayi tarihin wannan galo.

A tsarin da muka gada daga Faransa, soja hawa uku ne. Ƙasa akwai kurata da kaporal. Sama akwai hafsoshi, daga ƙaramin laftana zuwa janar. Tsakiya kuma akwai sarjan, sarjan-shef, ajudan, ajudan-shef da majo. Faransa ta ƙirƙiro muƙamin ajudan a 1776, ta ƙara ajudan-shef a 1912. 'Yan uwanmu na Katsina da Kano sun gaji tsarin Ingila, inda ake ce wa irin wannan soja waran ofisa. Sunan ya samo asali daga jiragen ruwan yaƙin Ingila: ɗan babban gida shi ke samun takardar sarki ya zama hafsa, amma mai kula da igwa, da kafinta, da mai sarrafa igiyoyin jirgi, ana ba su wata takarda dabam saboda sun san aiki. Wanda ya taɓa kallon wasan Samanja Mazan Fama na marigayi Usman Baba Pategi ya ga irin mutumin: ga tsawa, ga gashin baki, ga sanin duk abin da ke gudana a bariki.

To, mu nan ba Nasara ya koya mana wannan hikima ba. Bayan Katsinawa sun kafa Maradi ƙarƙashin Ɗan Kasawa, Gobirawa kuma suka zauna Tibiri bayan yaƙin Gawakuke na 1836, garuruwan nan biyu sun yi shekaru suna fita yaƙi tare. Kaura shi ne shugaban yaƙin Maradi, kuma har yau ana ambaton Kaura Hasau. Amma Kaura ba ya ƙirga kibau ɗaya bayan ɗaya. Rundunar Hausa tana da sarkin baka, da sarkin lifidi, da barade, mutanen da suka san wane doki ke ɗingishi, wane saurayi ne bai taɓa jin ƙarar kibiya ba. Manya su yanke shawara, waɗannan su mayar da ita aiki.

Da Faransawa suka kafa rundunar tirayer a 1857, sai suka tarar ba su iya komai sai da irin waɗannan mutane. Hafsa Bature ne, ba ya jin Bambaranci, ba ya jin Hausa ko Zabarmanci. Sarjan baƙar fata ne ke fassara oda, shi ke raba abinci, shi ke jin ƙorafi. Kuma ƙasarmu ta ga ranar da wannan matsayi ya nuna nauyinsa. A 1899 ayarin Kaftin Voulet da Chanoine ya ratso daga yamma yana ƙone garuruwa: ya yi ɓarna a Birnin Konni, ya bar gawarwaki a Tibiri, ya wuce gabas. Ranar 14 ga Yuli Voulet ya sa aka harbe Kanar Klobb a Dankori, wanda gwamnatinsu ta aiko ya dakatar da su. Kwana biyu zuwa uku bayan haka, a wajen Maijirgi, tirayer ɗinsu suka juya musu baya, sarjan-sarjan ɗinsu na gaba, aka kashe Chanoine, sannan Voulet. Ba mu wanke su ba, domin da hannunsu aka yi ɓarnar da ta gabata. Abin lura dai shi ne, ranar da na tsakiya suka ce ya isa, ranar tafiyar hafsoshin nan biyu ta ƙare.

Duk tsawon mulkin mallaka, 'yan Afirka ƙalilan ne suka zama hafsoshi. Ga mafi yawan kakanninmu da suka je yaƙin duniya, ko Indoshin, ko Aljeriya, ajudan-shef shi ne ƙololuwa. Shi ya sa da aka kafa rundunar sojan Nijar ranar 1 ga Agusta 1961, daga cikin waɗannan tsofaffin hannu aka samu waɗanda suka riƙe ta. Seyni Kountché da kansa ya yi sarjan a sojan Faransa kafin ya tafi makarantar hafsoshi ta Fréjus.

Mene ne aikin ajudan yau? A ce an turo sabon laftana ɗan shekara ashirin da 'yan kai. Ya san taswira, ya san dabarun yaƙi na takarda, doka kuma ta ba shi iko. Abin da bai sani ba shi ne wane soja matarsa ke asibiti, wace mota ke mutuwa cikin yashi, wace hanya ke yankewa in Gulbin Maradi ya kawo ruwa. Ajudan ya sani. Shi ke kula da tarbiyya da tsabtar bariki, da lissafin makamai da harsashi, da jadawalin gadi, da horar da sababbin shiga. Sau da yawa shi ke mataimakin shugaban sashe, wani lokaci ma shi ke jan sashen da kansa. Hafsoshi ana canza musu wurin aiki a kai a kai, shi kuwa yakan daɗe. A bainar jama'a yana sara wa laftanan da ya haifa, in sun keɓe kuma ya ce mishi: "Ranka ya daɗe, kada mu bi nan da dare." Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba ya ganinsa.

Akwai kuma aikin da ba a gani: kai kukan na ƙasa zuwa sama tun bai zama gobara ba. Mun tuna ƙarshen Fabrairu 1992, lokacin da ƙananan sojoji a Yamai suka yi bore saboda bashin albashi, suka kama gidan rediyo, suka tsare Farfesa André Salifou, shugaban majalisar riƙon ƙwarya. Mun tuna na Diffa a 2002, shi ma kan albashi da halin rayuwa. Irin wannan ba ya tashi dare ɗaya. Yakan fara da gunaguni wajen cin abinci, kuma ajudan ne na farko da ke ji. In na sama suna sauraronsa, a kashe wutar tun tana ƙarama. In an mayar da shi mai tsawa kawai, sai a ji labari a rediyo.

Wannan magana ta shafe mu kai tsaye. Yau ɗiyanmu ne ke sintiri a yankin Madarunfa, Gabi da Gidan Runji, suna fafatawa da ɓarayin shanu da masu satar mutane. Yaron da ya bar gonar Jiratawa ko kasuwar Tibiri ya sa kaki, ba janar ke duba ko ya cika gorar ruwansa ba, ba janar ke lura ko bindigarsa ta sha mai ba. Wani ajudan ne da ba mu san sunansa ba.

Don haka muna kira ga hukuma ta kula da horonsu tun daga makarantar ƙananan hafsoshi ta Agadas, ta kula da gidajensu da fanshonsu, kada mutum ya ba ƙasa ƙuruciyarsa ya dawo yana yawon neman haƙƙinsa daga ofis zuwa ofis. Mu kuma 'yan gari, mu daina yi wa galon ajudan kallon na wanda ya kasa. In akwai tsohon ajudan a unguwarku, ku je ku gaishe shi, ku zauna ku ji ta bakinsa tun yana raye.

Allah ya jiƙan mazan jiya, ya tsare waɗanda ke bakin daga, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.