Filin gida da ƙarfin ƴan ƙwallo: abin da tarihi ya nuna

Hirarmu ta yau a kan ƙwallon ƙafa take, wasan da yaranmu ke ce ma balo. Akwai wata gardama da ba ta ƙarewa a fada da bakin kasuwa. Shin ƙungiyar da ke wasa a filin garinsu, gaban mutanenta, ta fi ƙarfi da gaske? Ko zance ne kawai? Hausawa sun ce kowa a gidansa sarki ne. Sun kuma ce baƙo ko da ido makaho ne. To, bari mu bi tarihi sannu sannu, mu ga ko wannan magana ta tabbata cikin fili.

Mafari

Gasar kofin duniya ta farko, an yi ta a 1930 a Yurugwai, wata ƙaramar ƙasa ta Amurka ta Kudu. Ƙasashe 4 kaɗai suka zo daga Turai. Cikin jirgin ruwa suka zo, tafiyar wajen sati 2 bisa teku. Masu gida kuwa ba su je ko'ina ba. Sabon fili aka gina musu a babban birninsu. Ran 30 ga Yuli suka ci Ajantina 4 da 2, suka ɗauki kofi.

Bayan shekara 4 aka yi gasar a Italiya, Italiya ta ci. Haka Ingila a 1966, Jamus ta Yamma a 1974, Ajantina a 1978, Faransa a 1998. Daga 1930 zuwa 2022 an yi wannan gasa sau 22. Sau 6 mai gida ne ya ci. A cikin wannan tsawon lokaci Ingila sau ɗaya tak ta ɗauki kofi, kuma a gidanta ne.

A nan Afirka ma haka abin yake. Habasha ta ci kofin Afirka a 1962, a Adis Ababa. Sudan ta ci a 1970, a Kartum. Maƙwabciyarmu Najeriya ta ci kofinta na farko a 1980 a Legas, inda ta ba Aljeriya kashi 3 da nema. Bayan shekara 10 aka yi gasar a Aljeriya. Ƙasashen biyu suka sake gamuwa a wasan ƙarshe. Wannan karon Aljeriya ce a gida, ita ce kuma ta ci, 1 da nema.

Labarin Mena

Amma ba sai mun je nesa ba. Misalin da ya fi kowane yana gidanmu.

Har zuwa 2010, Mena, ƙungiyar ƙasarmu, ba ta taɓa zuwa gasar kofin Afirka ba. A wannan shekara aka fara neman zuwa gasar 2012. Aka haɗa Nijar rukuni ɗaya da Masar da Afirka ta Kudu da Saliyo. Masar ita ke riƙe da kofi, ta ci shi sau 3 a jere, a 2006 da 2008 da 2010. Afirka ta Kudu kuwa ba ta daɗe da karɓar baƙuncin kofin duniya ba. Mutane kaɗan ne suka sa rai da Nijar.

Ga yadda ake lissafi. Kowace ƙungiya za ta yi wasa 6, uku a gida, uku a waje. Wanda ya ci wasa yana da maki 3. In an yi kunnen doki, kowa maki 1. Wanda aka ci ba shi da kome.

Wasannin gida, a Yamai aka yi su, a filin Janar Seyni Kunce, wanda aka buɗe a 1989, mai ɗaukar mutum wajen 35.000. Ran 10 ga Oktoba 2010 Masar ta zo. Musa Ma'azu ya jefa ƙwallo ɗaya, aka tashi 1 da nema. A watan Maris 2011 Saliyo ta zo, ta sha 3 da 1. A watan Satumba Afirka ta Kudu ta zo, ta sha 2 da 1. Wasa 3 a gida, nasara 3.

To, a waje fa? A Afirka ta Kudu an ci Mena 2 da nema. A Saliyo 1 da nema. A Masar 3 da nema. Wasa 3 a waje, duk an ci mu, ko ƙwallo ɗaya ba mu jefa ba.

Ku duba da kyau. Ƙungiya ɗaya ce, mai horo ɗaya ne, Haruna Dula. Abin da ya sake shi ne wurin wasa.

Da aka gama, Nijar da Afirka ta Kudu da Saliyo kowa yana da maki 9. Ƴan wasan Afirka ta Kudu har sun yi rawa cikin fili, suna zaton su suka wuce. Ashe doka ta ce a duba wasannin da ƙasashen uku suka yi tsakaninsu. Da aka duba, Nijar ce a gaba. Filin Yamai ne ya kai mu kofin Afirka karon farko.

Neman zuwa gasar 2013 ma haka ya kasance. Gine ta ci mu 1 da nema a Konakiri. Da ta zo Yamai muka ci ta 2 da nema, muka wuce.

Mene ne dalili?

Wasu za su ce asiri ne aka binne cikin fili. Ba haka ba ne. Dalilan a fili suke, kowa yana iya ganin su.

Na farko, tafiya. Baƙo ya sha hanya, ya kwana a gadon da bai saba ba, ya ci abincin da ba na gidansu ba. Mai gida kuwa ya huta.

Na biyu, sabo. Mai gida ya san filinsa kamar yadda manomi ya san gonarsa. Ya san inda ƙwallo ke gudu da inda take tsalle. Jikinsa ya saba da rana da iskar wurin. A ƙasar Bolibiya akwai birnin La Paz, bisa duwatsu, tsawon wajen mita 3.600 sama da teku. Iskar wurin ba ta ƙosar da baƙo, in ya yi gudu kaɗan sai numfashi ya gagare shi. A can ne Birazil ta sha kashi 2 da nema a 1993. Kafin ranar, ba a taɓa cin Birazil a wasan neman zuwa kofin duniya ba. A can kuma Ajantina ta sha 6 da 1 a 2009, alhali Messi yana cikin fili.

Na uku, jama'a. Mu da muka san kokowa mun san wannan. In makaɗi ya ɗauki taken ɗan kokowa, mutanen garinsu suka yi guɗa, sai ka ga tsikar jikinsa ta tashi. Ɗan ƙwallo ma mutum ne.

Na huɗu, alƙalin wasa. Shi ma mutum ne, yana da kunne. A 2002 wasu masana a Ingila suka buga sakamakon wani gwaji. Sun nuna ma alƙalai 40 hoton wani wasa. Wasu sun kalla da ihun jama'a, wasu sun kalla shiru. Waɗanda suka ji ihu sun fi ɗaga ma masu gida ƙafa. Ba cin hanci ba ne. Ihun dubban mutane ne ke karkata zuciya, mutum bai ma sani ba.

Da aka rufe ƙofa

Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. A 2020 annobar korona ta game duniya. Aka hana taro. Aka ci gaba da wasa a Turai, amma fili wayam, ba ɗan kallo ko ɗaya. Tafiya tana nan, sabo yana nan, jama'a ce kaɗai babu.

Me ya faru? A babbar gasar Ingila ta 2020 zuwa 2021 an yi wasa 380. Masu gida sun ci 144, baƙi sun ci 153. Ba a taɓa ganin haka a wannan gasa ba. Ƙungiyar Liverpool ta yi wasa 68 a jere na wannan gasa a gidanta ba wanda ya ci ta. Da aka rufe ƙofa, a farkon 2021, aka ci ta sau 6 a jere a wannan fili. Masu bincike sun kuma lura cewa alƙalai sun rage ba baƙi kati. Nan aka gane cewa babban rabo na ƙarfin gida, daga mutane yake fitowa.

Gida yana da nauyi

Sai dai a yi hattara. Jama'ar da ke ɗaga ɗan wasa, ita ce kuma ke iya danne shi.

A 1950 Birazil ta karɓi kofin duniya. Ta gina fili mafi girma a duniyar wancan zamani, Marakana. Ran 16 ga Yuli ta gamu da Yurugwai a wasan ƙarshe. Mutum kusan 200.000 suka cika fili. Kunnen doki kaɗai ya ishe ta ɗaukar kofi. Tun kafin wasa an fara murna. Birazil ce ma ta fara jefa ƙwallo. Sai Yurugwai ta rama, ta ƙara. Fili ya yi tsit kamar an yi mutuwa. Bayan wannan rana Birazil ta bar farar riga, ta koma ma rawaya. Mai tsaron gidanta, Barbosa, ya ƙare rayuwarsa mutane suna ɗora masa laifi. A 2014 kofin duniya ya sake zuwa Birazil, Jamus ta ci ta 7 da 1 gaban mutanenta.

A Kodibuwar, a farkon 2024, an ga fuska biyun duka cikin wata ɗaya. Masu gida sun sha 4 da nema a hannun Gine Ekwatoriyal, a Abijan. Jama'a ta fusata, aka sallami mai horo. Da ƙyar suka wuce zagaye na gaba. Daga nan jama'ar nan ta koma bayansu. Ran 11 ga Fabrairu, a wannan fili dai, suka ci Najeriya 2 da 1, suka ɗauki kofi.

Abin da za mu riƙe

Tarihi ya ba mu amsa. Gida yana ƙara ƙarfi, amma ba ya maye gurbin gwaninta. Mena da ta je gasar 2012 a Gabon, wasa 3 ta yi, duk aka ci ta. A 2013 maki 1 ta samo. Filin gida yana kai ka bakin ƙofa. Shiga ciki kuwa sai da horo da shiri.

Akwai kuma wani darasi mai zafi. Hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka tana da sharuɗɗa a kan fili: ciyawa, fitilu, kujeru, ɗakin ƴan wasa, tsaron lafiyar jama'a. Tsakanin 2022 da 2024 filin Yamai bai cika su ba. Dole Mena ta riƙa karɓar baƙinta a Kwatano da Lome da biranen Maroko. Sunan wasan na gida, amma mu ma baƙi ne. An kashe kuɗin jirgi da masauki, ƴan kallo sun rasa ƙungiyarsu, ƙungiya ta rasa muryar mutanenta.

Saboda haka fili dukiyar ƙasa ce, kamar rijiya da hanya. Gyaransa aikin hukuma ne, kiyaye shi aikinmu ne duka. Wanda ya karya kujera ko ya jefi alƙali da dutse, ƙungiyarsa ya cuta, don hukunci yana iya sa a rufe fili. Mu cika fili, mu kaɗa ganga, mu yi kirari. In an ci mu, mu yi haƙuri da yaranmu. Baƙo kuma mu girmama shi, don gobe mu ne baƙi a garinsu.

Sai wani mako, in Allah ya kai mu. A huta lafiya.