Injin 1ZZ-FE na Toyota Corolla: ƙirarsa, rauninsa da yadda ake kula da shi a Fatakwal, Onitsha da Enugu

1ZZ-FE suna ne na injin fetur mai silinda huɗu da kamfanin Toyota ya sanya wa motarsa Corolla daga ƙirar 1998 zuwa ta 2008 a kasuwar Amurka. Shi ne kuma ke cikin Toyota Matrix da Pontiac Vibe na wancan zamani, da wasu daga cikin Avensis ɗin da aka sayar a Turai. Da yake yawancin waɗannan motoci sun shigo Najeriya ne a matsayin na hannu, waɗanda ake kira Tokumbo ko Baljiyam, injin ya zama ɗaya daga cikin waɗanda makanikai suka fi sani a ƙasar. A unguwannin 'yan Arewa na Kudu, kamar Ama Hausa a Enugu, kewayen titin Bida a Onitsha da tsohon garin Fatakwal, Corolla mota ce ta ɗan kasuwa mai zirga-zirga tsakanin kasuwa da mayanka, mota ce ta haya, kuma ita ce ke kai iyali gida lokacin Sallah. Ga mai irin wannan mota, bugawar inji kan iya cinye jarin shekara guda.

Ƙirar injin

Girman cikin injin siisii 1,794 ne, abin da ake taƙaitawa da lita 1.8. Faɗin kowace silinda milimita 79 ne, tazarar da fistin ke yi sama da ƙasa kuwa milimita 91.5. Wannan doguwar tazara ce ke ba shi ƙarfin ja tun kafin a taka totur sosai, wanda ya dace da tuƙin cikin gari. Yana da bawul 16, huɗu a kan kowace silinda, da sanduna biyu masu buɗe su a saman injin. Ƙarfinsa ya fara daga doki 120 a ƙirar 1998, ya kai 130 a ta 2003. Daga ƙirar 2000 aka ƙara masa tsarin VVT-i, wanda ke sauya lokacin buɗewar bawul ɗin shigar iska gwargwadon gudun inji, kuma ƙarfin matsin baƙin mai ne ke motsa shi.

Abubuwa biyu na ƙirar sun fi shafar mai mota. Na farko, sarƙa ce ke haɗa motsin sama da ƙasan injin a maimakon bel na roba, saboda haka babu wa'adin da aka yanka na sauya ta muddin ana yin juye a kan lokaci. Na biyu, gangar jikin injin da kansa duk na alminiyam ne, da siraran zobban ƙarfe da aka zuba a cikin silinda. Alminiyam ya rage wa motar nauyi, amma ba ya haƙuri da zafi kamar yadda ƙarfen tsohuwar Peugeot 504 ke yi. Zafin da ya wuce kima sau ɗaya kan iya lanƙwasa kan injin ya ƙone gaskit. Siraran zobban kuma ba su bar wurin da za a faɗaɗa silinda a wajen mai dalma ba, shi ya sa injin da ya lalace sosai sai dai a nemo wani.

Shan baƙin mai

Raunin da aka fi sanin 1ZZ-FE da shi shi ne shan baƙin mai, musamman a injinan da aka ƙera kafin 2005. A bayan zoben da ke share mai daga bangon silinda akwai wasu 'yan ramuka a jikin fistin, ta nan man ke komawa ƙasa. A ƙirar farko ramukan ƙanana ne kuma ba su da yawa. Idan man ya daɗe ba a sauya ba, sai ya ƙone ya zama gawayi ya toshe su, zoben ya manne, man ya riƙa haurawa ɗakin ƙuna yana ƙonewa tare da fetur. Toyota ya gyara ƙirar fistin ɗin a wajajen 2005, kuma injinan da suka biyo baya sun fi sauƙin wannan matsala.

Haɗarin abin shi ne ba koyaushe yake nuna kansa da shuɗin hayaƙi ba. Injin yana ɗaukar kusan lita huɗu ne kawai, kuma direban da ya tashi daga Fatakwal zuwa Kano ba tare da ya zaro sandar awo ba yana iya isa da man da ya ragu ƙwarai. Fitilar mai da ke gaban direba matsi take aunawa, ba yawa ba. In ta kama, galibi an riga an makara.

Toyota ya tsara wa injin baƙin mai mai lamba 5W-30. A garejoji da dama kuwa 20W-50 ake zuba wa kowace mota, bisa hujjar cewa ƙasar zafi ce kuma injin ya tsufa. Mai kauri kan rage saurin shan man na ɗan lokaci, sai mai mota ya zaci an warke. Sai dai yana jinkirin isa saman injin a tashin safe, yana kuma nauyaya wa VVT-i aiki, domin ta ƙananan hanyoyi da wata 'yar matata mai kama da rariya man ke bi kafin ya isa can. Ga motocin shekarun baya na wannan ƙira, wa'adin juye da kamfanin ya bayar a Amurka shi ne kilomita 8,000 ko wata shida. Motar da ke wuni a cunkoson Upper Iweka ko titin Aba na Fatakwal tana tara sa'o'in aiki da ma'aunin kilomita ba ya ƙirgawa, don haka rage wa'adin zuwa kilomita 5,000 ya fi zama daidai a gare ta. Ingancin man ma abin lura ne, ganin yadda jabu ke yawo a cikin galan masu tambarin manyan kamfanoni.

Sanyaya inji

Ɗabi'a ta biyu da ta zama ruwan dare ita ce cire tamostat, ƙaramin bawul ɗin da ke tsare ruwa a cikin inji har sai zafinsa ya kai kimanin digiri 82 kafin ya sake shi zuwa lagireto. Ana cire shi da zarar mota ta sauka daga jirgi, a kuma haɗa fanka kai tsaye ta riƙa juyawa ba tsayawa, wai don na'urar ta ƙasar sanyi ce. Wannan kuskure ne. Kwamfutar motar, wadda makanikai ke kira birenbos, tana karanta zafin ruwan, kuma muddin ta ga injin bai yi ɗumi ba za ta ci gaba da ƙara fetur. Sakamakon shi ne shan mai ya ƙaru, rarar fetur ta wanke baƙin mai daga bangon silinda, gawayi kuma ya taru a daidai wurin da injin ke da rauni. Tun da aka janye tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, wannan asara ta daina zama ƙarama.

Haka zuba ruwan rijiya ko na leda a lagireto a maimakon ruwan sanyaya inji na musamman yana cin alminiyam, yana toshe lagireto, yana kashe famfon ruwa, wanda dama yakan fara yoyo a wannan injin idan ya tsufa. Injin da ke zafi yana da dalili: lagireto da ya toshe, murfinsa da ya saki, fanka da ta mutu ko famfo mai yoyo. Hawan Ugwu Onyeama daga Enugu zuwa Ninth Mile, mahaɗar da matafiya Arewa ke bi, wuri ne da motar da ke ɗauke da kaya ke tona asirin duk wani sakaci na wannan ɓangare.

Sauran matsalolin ƙanana ne. Robar da ke rufe na'urar ɗame sarƙa kan yi yoyon mai a bayan inji, gaskit ɗin bututun shigar iska kan saki, na'urar auna iska kan yi datti ta sa injin rawa a tsaye. A watan Agustan 2010 Toyota ya yi kiranyen Corolla da Matrix fiye da miliyan ɗaya na ƙirar 2005 zuwa 2008 a Amurka saboda tsagewar da kan faru a cikin kwamfutar inji, wadda ke iya kashe mota tana tafiya. Ba kowace motar da aka shigo da ita Najeriya ce aka yi wa wannan gyara ba.

Yanayin Kudu

Fatakwal tana da nata ƙarin nauyi. Baƙin toka da ya addabi birnin tun daga 2016 yana cika matatar iska da wuri, ya kamata a riƙa duba ta a kowane juye. Ambaliyar damina ta fi haka haɗari: idan injin ya zuƙi ruwa ta bakin iska, fistin ba zai iya matse shi ba, sandarsa ce za ta lanƙwashe. Motar da ta mutu a cikin ruwa ba a sake murza mata makulli. A jawo ta, a cire fulogi, a fitar da ruwan, a sauya baƙin mai. Gurɓataccen fetur kuma, irin na bumburutu ko irin wanda aka shigo da shi a Fabrairun 2022 da sinadarin metanol fiye da ƙima, famfon mai da nozil yake fara ci.

Sayen inji na hannu

Ta fuskar kayan gyara, mazauna waɗannan garuruwa sun fi na Arewa kusanci da tushe. Kasuwar Mgbuka Obosi da ke gefen Onitsha tana cikin manyan kasuwannin kayan mota na hannu a ƙasar, ga ta sababbin kaya a Nkpor, ga Ikoku a Fatakwal da Coal Camp a Enugu. Yawan kaya kuwa yana zuwa da yawan ruɗani. 1ZZ-FE yana da ƙanne biyu da suka zo a Corolla ta Turai, 3ZZ-FE mai siisii 1,598 da 4ZZ-FE mai 1,398, waɗanda a ido kusan ba su da bambanci da shi. Sunan injin na gaskiya an buga shi a jikin gangarsa, nan ake dubawa.

Shekara ma tana da muhimmanci. A motocin Amurka, harafi ko lamba ta goma a jerin lambar shasi ita ke nuna shekarar ƙira, wato 3 na nufin 2003, 6 na nufin 2006, amma wannan shaida ce ta mota, ba ta injin da aka taɓa sauya mata ba. Corolla ta Amurka ta 2003 da 2004 tana amfani da waya tsakanin totur da inji, daga 2005 kuma aka koma na lantarki, don haka injin wata shekara ba ya shiga ta wata sai an daidaita waɗannan sassa. Kafin a biya kuɗi, a buɗe murfin saman inji a ga ko akwai baƙin laka, a cire fulogi a duba ko sun jiƙe da mai, a kuma nemi dillali ya ba da kwanakin gwaji a rubuce a kan rasit. Daga ƙirar 2009 Corolla ta Amurka ta koma injin 2ZR-FE mai siisii 1,798, wanda kayansa da yawa ba sa shiga 1ZZ-FE ko da mai shago ya ce duk lita 1.8 ne.