Carl Larsson da Bangon da Aka Hana Shi

Wanda ya hau matakalar Nationalmuseum, babban gidan adana zane-zane na ƙasar Suwidin da ke Stockholm, in ya kai bene na sama zai tarar da manyan zane biyu suna fuskantar juna. A bango ɗaya Sarki Gustav Vasa ne bisa farin ingarma, yana shiga birnin a watan Yunin 1523, lokacin da rana kan daɗe ba ta faɗi ba. A ɗaya bangon kuwa tsakiyar hunturu ne, wani sarkin na tsaye tsirara a ƙofar ɗakin tsafi, ana shirin yanka shi. Hannu ɗaya ne ya zana su, hannun Carl Larsson. Na farko an kafa shi tun mai shi na raye. Na biyu sai da ya shekara 82 kafin ya zama na gidan da aka zana shi dominsa.

Mutanen Suwidin, da ma na waje, sun fi sanin Larsson da wani abu dabam: ƙananan zane-zanen fentin ruwa na gidansa, yara na cin abinci a gindin bishiya, haske na kwarara ta taga. Shi kuwa har ya koma ga Mahaliccinsa yana ɗaukar kansa mai ƙawata bango. Manyan ayyukan da ya yi a makarantu da gidajen wasan kwaikwayo da wannan matakala su ne yake so a auna shi da su.

An haife shi ranar 28 ga Mayu, 1853, a Gamla stan, tsohuwar unguwar Stockholm, cikin talauci na fitar hankali. Mahaifinsa ɗan ƙwadago ne da ya taɓa aikin zuba kwal a injin jirgin ruwa, mashayi mai zafin rai, wanda Larsson bai manta ba ya taɓa tsine wa ranar da aka haife shi. Uwar ce ta riƙe gida da wankau. Sun zauna a gidajen haya inda iyalai da yawa ke cunkushe wuri guda, ga ƙazanta ga cuta. A makarantar 'ya'yan talakawa wani malami ya lura da hannun yaron, ya matsa masa ya nemi shiga ajin share fage na Makarantar Zane ta Masarauta. Aka ɗauke shi a 1866 yana ɗan shekara 13, a shekarar da aka buɗe ginin Nationalmuseum da bangayen matakalarsa fayau, ba zane ko ɗaya.

Tun yana ɗalibi ya fara ci da iyayensa da alƙalaminsa, yana yi wa jaridar barkwanci ta Kasper zane, daga baya kuma Ny Illustrerad Tidning. A 1877 ya tafi Paris neman suna, ya sha wuya, ya yi ta yin manyan zane-zanen fentin mai da ba wanda ya kula su. Sauyi ya zo a 1882 a Grez-sur-Loing, wani ƙauye kudu da Paris inda masu zane 'yan arewacin Turai ke taruwa. Can ya koma fentin ruwa, ya bar zanen almara ya kama zanen abin da ke gabansa, lambu da tsofaffin ƙauye, har ya sami lambar yabo a baje kolin Paris na 1883. Can kuma ya haɗu da Karin Bergöö, ita ma mai zane, 'yar wani attajiri. Suka yi aure a 1883.

A 1888 surukinsa Adolf Bergöö ya ba su wani ɗan gidan katako mai suna Lilla Hyttnäs a ƙauyen Sundborn, kusa da Falun, a lardin Dalarna. A zamanin, gidan mai hali a Suwidin duhu ne da shi: labule masu kauri, kujeru baƙaƙe masu nauyi, tarkace ko'ina. Su biyun suka bi wata hanya. Suka shafa wa kayan ɗaki fari da ja da kore, suka shimfiɗa siraran dardumai masu ratsi, suka bar tagogi a sake don haske ya shigo. Carl ya zana furanni da fuskokin 'ya'yansa a jikin ƙofofi. Karin, wadda ta ajiye burushi bayan aure, ta koma masaƙa da allura. Ita ta saƙa labule da shimfiɗu, ta ɗinka wa yara tufafi sakakku, ta tsara kujeru da tebura ta ba kafintocin ƙauye su ƙera. An daɗe ba a ba ta haƙƙinta ba, alhali rabin abin da ido ke gani a zanen mijinta aikin hannunta ne.

A duba ɗaya daga cikin zanen da aka fi sani, na tagar furanni. Babbar 'yarsu Suzanne na tsaye tana ba tukwanen furanni ruwa a bakin doguwar taga, reshen wani tsiro ya bi saman tagar ya zagaye ta, kujeru farare sanye da yadi mai ratsin shuɗi da fari, ga saƙa an ajiye kamar mai ita ta tashi yanzu za ta dawo. Babu wani babban abu da ke faruwa a ɗakin. Amma wanda ya san ɗakunan da Larsson ya girma a ciki zai gane me ya sa ya ɗauki tsabta da haske da zaman lafiyar gida abin da ya cancanci a zana da natsuwa haka.

Irin waɗannan zane 24 aka tara a littafin Ett hem, wato "Gida", a 1899. Layukan Larsson a fayyace suke, launukansa a shimfiɗe, don haka suka dace da sabuwar dabarar buga hoto mai kala, ba sa lalacewa a injin. Da wani mawallafi a Jamus ya fitar da zaɓaɓɓu daga cikin ayyukansa a 1909, an sayar da kwafi 40,000 cikin wata uku. Gidan da kansa bai tsira daga rashi ba: cikin 'ya'ya takwas, Mats ya rasu yana jariri, Ulf kuma ya rasu a 1905 yana ɗan shekara 18. A 1908 tsohon abokinsa, marubuci August Strindberg, ya caccake shi a rubuce, yana cewa farin cikin da yake nunawa na ƙarya ne. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai.

Duk wannan lokacin zuciyarsa na kan bango. A Göteborg, inda ya koyar a makarantar zane ta Valand, attajiri Pontus Fürstenberg ya ba shi aikin ƙawata ɗakin ajiye zane-zanensa, ya kuma zana tarihin matan Suwidin a matakalar wata makarantar 'yan mata. Daga nan, bayan gasa da ja-in-ja na shekaru, aka ba shi ƙasan matakalar Nationalmuseum. A 1896 ya cika fage shida da tarihin zane a ƙasar, daga Ehrenstrahl mai zanen fada zuwa Sergel mai sassaƙa.

Aikin nan a kan ɗanyen shafe ake yin sa, kuma ba ya son wasa. Da safe magini zai shafa farar ƙasa da aka kwaɓa da yashi, daidai faɗin da za a iya gamawa a yini. Mai zane ya ɗora takardar da ya riga ya tsara, ya fitar da layuka, sannan ya bi da launin da aka dama da ruwa tun shafen bai sha iska ba. In ya bushe, launin ya zama jikin bango, ba ya goguwa. In an yi kuskure kuwa, sai dai a kankare wurin a sake shafe. Mutum na tsaye bisa katakai yini guda, farar ƙasa na cin yatsunsa. Larsson ya ci gaba da karɓar irin waɗannan manyan ayyuka: rufin zauren zinariya na gidan opera, bangon makarantar Norra Latin a 1901, rufin zauren gidan wasan kwaikwayo na Dramaten. Zanen Gustav Vasa, wanda ya yi da fentin mai a kan yadi, an kafa shi a saman matakala a 1908.

Saura bango ɗaya, kuma ba wanda ya ce masa ya cika shi. Shi ya ga cewa sarkin rani na bukatar sarkin hunturu a gabansa. Ya ɗauko labarin Domalde daga rubutun Snorri Sturluson, marubucin Iceland na ƙarni na 13. A labarin, yunwa ta addabi mutanen Suwidin a zamanin bautar gumaka. Shekarar farko suka yanka shanu a Uppsala, amfanin gona bai yi ba. Ta biyu suka yanka mutane, abin ya ƙara muni. A ta uku manya suka yanke shawara cewa sarki ne sanadi, jininsa za a zubar. Larsson ya juya labarin yadda sarkin da kansa ne ya miƙa wuya domin jama'arsa. Ya sa wa zanen suna Midvinterblot, hadayar tsakiyar hunturu.

Faɗinsa mita 13.6 ne, tsayinsa mita 6.4. Sarki ya ɗaga kai sama, mayafin fata na zamewa daga kafaɗarsa. Babban boka ya ɗaga gudumar gunkin Tor. A gaba wani mutum cikin jan mayafi ya sunkuyar da kai, wuƙa na hannunsa ya ɓoye ta daga idon sarki. Masu busa dogayen ƙahonin tagulla na gefe, mata na rawa kamar sun fita hayyacinsu, zinariya na walƙiya a bayan ɗakin tsafin.

Tun da ya nuna zayyanar farko a 1911 aka taso masa. Wani da ya ɓoye sunansa ya kira kansa masanin kayan tarihi ya rubuta a jaridar Dagens Nyheter cewa an cakuɗa zamunna, kayan wani ƙarni a hannun mutanen wani ƙarni. Wasu suka ce yanka mutum ba abin da za a tari baƙo da shi ba ne a gidan ƙasa. Matasan masu zane, waɗanda idonsu ke kan sabon salon Paris, suka ga aikin tsohon yayi ne. Larsson ya yi ta gyara, ya sake zayyana, ya ƙi janyewa, ya zana shi da kuɗinsa a Sundborn. A 1915 aka rataya shi na gwaji a bangon, aka sauke, aka ƙi saye.

Maganar cakuɗa zamunna tana da ƙamshin gaskiya, amma ba ita ce ma'aunin zanen bango ba. Abin dubawa shi ne ko ya cika wurinsa, ko ya amsa wa na gabansa, ko yana riƙe idon mai hawa matakala, kuma Midvinterblot ya yi duk wannan. Ana iya fahimtar abin da ya sa ya nace: mutumin da aka yi wa gorin cewa ba ya zana komai sai murmushi ya so ya nuna ya san yunwa da tsoro, ya kuwa san su tun yana yaro. A tarihin rayuwarsa da ya rubuta, wanda aka buga a 1931 da sunan Jag, wato "Ni", ya amsa cewa ƙin zanen nan ya karya shi, ya kuma yi fatan wata rana bayan ba shi za a ba shi wurin da ya dace. Ciwon kai da na ido suka dame shi a shekarunsa na ƙarshe. Ya rasu a Falun ranar 22 ga Janairu, 1919, yana da shekara 65, aka binne shi a Sundborn.

Midvinterblot ya shafe kusan shekara 40 a wani gidan adana zayyanar masu ƙawata gine-gine a birnin Lund. A 1987 aka kai shi gwanjon Sotheby's a Landan, wani mai tara zane ɗan Japan, Hiroshi Ishizuka, ya saye. Da Nationalmuseum ya cika shekara 200 a 1992, ya shirya baje kolin ayyukan Larsson, Ishizuka ya ba da aron Midvinterblot, aka rataya shi a bangon da aka auna shi dominsa. Mutane kusan 300,000 suka zo kallo, ra'ayi ya juya. Bayan doguwar tattaunawa, da gudummawar gidauniyoyi da masu hannu da shuni, gidan ya saye shi a 1997 kan krona miliyan 14.6, ya bar shi a saman matakala yana fuskantar Gustav Vasa da farin dokinsa.