Rage Hamonik a Na'urorin Daidaita Gudun Inji ta Hanyar Koyil: Nazari kan Bodinga da Shagari

Tsakure

Maƙalar ta duba irin koyil ɗin da ya dace da na'urar daidaita gudun inji, wadda masu gyara ke kira inbata, a layukan wuta masu rauni na Bodinga da Shagari. Lissafi ya nuna koyil mai kashi 3 cikin ɗari ya fi mai kashi 5 dacewa.

Tushen matsalar

Famfon rijiyar burtsatse, injin niƙa da injin ban ruwa irin na kewayen madatsar ruwan Shagari duk suna cin moriyar inbata, domin tana tayar da inji a hankali kuma tana rage cin wuta. Amma ba ta jan wuta bai ɗaya. Dayod shida da ke bakinta suna barin wuta ta wuce ne kawai sa'ad da ƙarfin layi ya haura na kafasitar da ke cikinta, sai ta riƙa shiga a fizge. Daga nan hamonik ke fitowa: na 5, 7, 11 da 13, wato haz 250, 350, 550 da 650 a layin Najeriya mai haz 50. Na biyar ya fi ɓarna, don yana ja baya da juyawar inji. Taransifoma kan yi zafi, wayoyi su ɗumama, wani lokaci fis ya ƙone ba a ga dalili ba.

Lissafi da tattaunawa

A ɗauki inbata mai kilowat 7.5 a kan bolt 400, mai jan kusan amfiya 16. Koyil mai kashi 3 da ake sawa a bakinta, wato wanda ke riƙe kashi 3 na bolt ɗin layi, zai kai kimanin milihenri 1.4 a kowace waya. Idan babu shi, gurɓatar wutar da ake ja kan wuce kashi 80. Da shi, takan sauko wajen kashi 40. Mai kashi 5 yana kai ta kusan 30 zuwa 35, amma yana ƙara rage ƙarfin wuta. A nan gizo ke saƙar. Ƙauyen da ke ƙarshen dogon layin Kaduna Electric, inda ƙwan fitila kan yi ja da yamma, ba shi da rarar bolt, kuma inbata takan kashe kanta idan wuta ta yi ƙasa, shi ya sa mai kashi 3 ya fi dacewa a can. Cok, wato koyil ɗin da ake sawa bayan dayod, bai cika rage bolt ba, sai dai ba ya kare dayod daga bugun wuta lokacin hadarin damina.

Ƙa'idar IEEE 519 ta 2014 ta ƙayyade gurɓatar bolt a kashi 8 ga layin da bai wuce bolt 1,000 ba. A janareta an fi saurin ƙetare wannan iyaka, shi ya sa ake son ƙarfinsa ya zarce na inbatar sosai.

Famfon sola daban ne. Wutarsa ba daga layi take ba, don haka koyil a baki ɓarnar kuɗi ce. Inda ake bukatarsa shi ne tsakanin inbata da famfo, musamman idan wayar da ke sauka cikin rijiya ta yi tsawo, domin bugun bolt a ƙarshenta yana cinye rufin koyil ɗin famfon.